Is'haƙa da Motar da Ta Daina Tari

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Isa ya san Is'haƙa Mai Tari, ko da bai san fuskarsa ba. Kar ku ji sunan ku tausaya masa. Ƙirjinsa lafiya lau, kakkauran mutum ne mai share kwanon tuwo ya tambaya ko akwai ƙanzo. Motarsa ce mai tarin.

Fijo ce a-kori-kura, irin ta da can, mai zagayayyun fitilu kamar idon wanda aka ba labarin mamaki. Mahaifinsa, Abu Direba, shi ya shigo da ita garin tun Is'haƙa na goye, kuma ko a lokacin ba sabuwa ba ce. Launinta na asali babu mai iya rantsuwa a kansa. Amma muryarta kowa ya haddace: tuf-tuf-tuf, sai ta yi shiru kamar ta tuna wani abu da ta baro a gida, sannan kwaf! Haka take tun zamanin Abu, haka ɗansa ya gaje ta.

Wannan muryar ce ta raba Is'haƙa da boko. Duk ranar kasuwa, da an jiyo kwaf daga nesa, sai malami ya waiwayo ya ga benci babu kowa, taga a buɗe. Aka yi bulala har aka gaji. Daga baya Abu ya ce tunda kunnen yaron na mota ne, a bar shi da mota. Ya koyi tuƙi a zaune kan buhun dusa don ya hango hanya. Ranar da gwiwar Abu ta daina taka kuloci, ya kira shi ya miƙa masa makulli, wato ya nuna masa wayoyin nan biyu da ake haɗawa ta tashi, ya ce, "Hanyar Tozai da Turba taka ce yanzu. Matan can su sunka riƙe ni. Kai ma ka riƙe su."

Ya kuwa riƙe su. Duk ranar kasuwa zai fita da sassafe babu kowa a baya, ya kai ƙauyukan gefen Tozai, ya juyo ta Turba yana kwasar mata da kayansu: ƙoren nono, man shanu, kuka, daddawa, kaji a ɗaure, wani lokaci har da akuyar da ba ta yarda da tafiyar ba. Bai taɓa kiran fasinja ba. Odar motar ta mutu tun yana saurayi, bai gyara ba, don bai ga abin da za ta faɗa wanda tarin bai riga ya faɗa ba. Ko a gida haka ne. Matarsa Hadiyya, da ta ji kwaf daga bakin lungu, ko me take yi za ta ajiye, ta ɗebo ruwa a kwanon sha ta nufi ƙofa.

Shugabar matan hanyar ita ce Goggo Fadima, wata tsohuwar Bafulatana mai sayar da nono, wadda ke hawa a gindin wata tsamiya kusa da rugarsu. Kujerar gaba tata ce tun zamanin Abu, babu mai gardama. Gemun Is'haƙa ya fara furfura, amma har yau "ɗan Abu" take ce masa, shi kuma ya amsa da ladabi.

Matsalar ita ce yashi. Kafin a shigo Isa akwai wani mashigi mai rairayi, kuma shekara da shekaru Mai Tari ba ta haye shi da ƙarfin kanta ba. Da an iso, mata sun san aikinsu: a sauko, a tuɓe takalmi, a ɗaure zane, a tura.

"Ɗan Abu," in ji Goggo wata rana tana haki, "mu biya ka, mu tura ka. To tsakaninmu da kai wa ad da mota?"

A gefen mashigin kuwa 'yan kabu-kabu ke fakewa da baburansu suna kallo, suna yi wa matan tayi. "Goggo, ki zo mu tahi, nan ba a turi!" Goggo ba ta ko kallonsu. Amma Is'haƙa ya lura wasu daga cikin ƙananan matan sun fara waiwaye.

A daminar bana, a tsakiyar yashin nan, Mai Tari ta yi wani kwaf da babu tuf a bayansa. Shanun noma suka fitar da ita, wata babbar mota ta ja ta har Sabon Birni, garejin Faruk.

Faruk ɗan kawun Is'haƙa ne, wato taubashinsa, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya cire hularsa ya dafa a ƙirji.

"Bawana, sai haƙuri. A yi mata wanka a kai ta."

"Kai ne bawana. Diba da kyau dai."

"Mi za ni dibawa? Injin ga babu inda sifanata ba ta taɓa ba. Ya gama."

Sai ya ja shi bayan rumfa, ya yaye wani tamfol. Ga wani dogon inji kwance a kan tayoyi, na wata Marsandi, an kawo shi daga Maraɗi. Silinda shida a jere, kamar sahun masallaci. Ba irin na da mai kafireto ba, in ji Faruk, wannan kowace silinda da nozul ɗinta mai fesa mata mai, da wayarta.

"Naka huɗu gare shi, ɗaya ma ta daɗe da rasuwa ba ka sani ba. Wanga in yat taka yashi, yashin ne za shi ba da hanya."

Is'haƙa ya shafa ƙarfen kamar mai taya doki. Ya koma Isa ya kwance bijimin san da yake kiwo don Babbar Sallah ya kai kasuwa. Hadiyya ta tsaya tana kallon turken da babu komai, ta ce ita dai ba ta taɓa jin an yi miya da silinda ba.

Faruk ya auna injin da karan dawa, ya auna cikin motar, ya ce zai shiga kamar a ciki aka haife shi. Aka rataye shi da sarƙa a reshen darbejiya, aka turo motar ƙarƙashi, aka sassauta a hankali. Silinda huɗu suka shiga. Biyu suka tsaya a waje suna shan iska.

"Ina awon naka, bawana?"

Faruk ya ɗauki karan ya jujjuya. "Akuya ta ci kan karan ga. Ba laihina ba ne."

Daga nan aikin ya zama na mai walda. Aka yanke gaban motar, aka ja lagireto gaba aka gina masa keji na ƙarfe, aka ƙara wa bonet tsawo da gefen wani tsohon duro. Giyabos ɗin Marsandin aka sa, aka rage tsawon furofela, aka ƙara sifirin don kar ta durƙusa. Da aka gama, Fijon Abu Direba ta fito da dogon baki kamar jaɓa. Faruk ya sa mata sabuwar salansa mai ƙyalli, ya ƙara da sabuwar oda kyauta, wai don kar a ce bai san zumunci ba. Tsohuwar salansar kuwa, mai huji kamar rariya, ya jefa masa a baya ya ce ya kai gida ya ajiye don tarihi.

Sannan ya ɗora kofin shayi cike fal a kan injin ya tashe shi. Shayin ko motsi bai yi ba. Shuuu kawai kake ji, kamar iska a cikin gero. Is'haƙa ya ji ƙwalla ta taru masa. Ya ce da Abu na raye da ya ga abin da bai taɓa gani ba.

Abin da su biyun suka mance, ko kuma ba su taɓa tsayawa sun lura ba, shi ne yadda matan ƙauye ke jiran mota a shekarun nan da daji ya lalace da 'yan bindiga. Babu mai zaman bakin hanya kamar da. Kowa na cikin gida, kunne ne ke gadi. Sun san kukan kowane babur na garinsu, sun san injin niƙa, sun san Mai Tari tun tana can bayan fadama, kuma tsakanin kwaf na farko da isowarta mace na da lokacin goya ɗa, ta naɗa gammo, ta ɗauki ƙwarya ta fito. Ƙarar da kunne bai sani ba kuwa, ba a tsayawa tambayar ta wane ne. Gero ake shiga.

Ranar kasuwa ta zo, gero ya fi mutum tsawo, daga gida ba a hango hanya. Is'haƙa ya sa sabuwar riga ya kama hanyar Tozai, motar na tafiya kamar ana zuba mai a faranti. Ya isa ƙauyen farko, babu kowa. Ya ce ai ya yi sammako ne, ƙarfin inji ke nan. Ya danna sabuwar oda. Wata irin ƙara ta fito, shi kansa sai da ya zabura. Ya jira. Ko kaza ba ta fito ba.

Ƙauye na biyu ma haka. Ya ƙara danna oda, har sau uku don su ji da kyau.

A gindin tsamiyar Goggo ya tsaya ya fito. Kan 'yar hanyar da ta nufi ruga ga turmi da taɓarya a yashe, ga faifai a kife, ga takalmin roba ƙafa ɗaya. Ya ɗauka ya duba. Na Goggo ne, ya san ɗinkin da aka yi wa maɗaurinsa. Ya dudduba ko'ina. Ya ƙwala kira, shiru. Ya jefa takalmin a kujerar gaba, ya ja mota da gudu. Mashigin yashin nan ma bai san ya haye shi ba sai da ya ga rumfunan Isa.

A tasha ya tarar ana cirko-cirko. Labari ya riga shi isowa ta waya: wata baƙuwar mota ta ratsa ƙauyukan Tozai da Turba da safen nan, tana tafiya a ɓoye ba ƙara, tana tsayawa a kowane gari tana wani irin kuka. Mutane duk sun watse cikin gona.

"La ilaha illallahu!" in ji Is'haƙa, ya zauna a benci. "Yanzun ga nib biyo hanyag ga! Aradu Allah ne yat tsare ni ban gamu da ita ba."

Aka yi ta yi masa barka. Wani ya sayo masa ruwan sanyi. Ya sha, ya sake ba da labarin yadda ya tsallake, kowane zagaye motar na ƙara kusantarsa.

Rana ta take sosai sannan Goggo Fadima ta iso a bayan kabu-kabu, ƙwarya a cinya, nonon ya sha girgiza har ya fara tsinkewa, ƙafarta ɗaya babu takalmi. Is'haƙa ya taso da gudu.

"Goggo! Lahiya kunka tsira?"

"Lahiya lau, ɗan Abu. Kai ina ka shiga yau? Mun saurare ka har munka gaji, sai ga wata la'ananna ta zo tana shuuu."

Ta ɗaga kai. Idonta ya sauka kan motar da ke bayansa, ta bi dogon bakin da kallo, ta zagaya ta leƙa ta taga. Ga takalminta a kan kujerarta.

"Tashe ta in ji," in ji Goggo.

Is'haƙa ya haɗa wayoyi. Shuuu.

"Danna abin kukan."

Bai danna ba. Ba sai ya danna ba. Wanda ya sayo masa ruwa ya fara dariya har da riƙe ciki, tasha duka ta ɗauka. Goggo ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sa takalminta a nitse.

"Na kwanta cikin gero da jikata a ƙirji, ina toshe mata baki," ta ce. "Da girmana."

"Goggo, ki gahwarce ni. Inji ne sabo, silinda shida. Yanzu ba turi. In kunka saba da muryatai..."

"Mu saba da mi? Abin da ba a ji sai ya iso bisa kai? Ko mun saba, yaushe za mu ɗaura goyo? Kunnena bai san ta ba, kuma ba ni hitowa don abin da kunnena bai sani ba. Kasuwa mai zuwa, in mun ji motar Abu, mu hito. In ba mu ji ba, yaran ga masu babur sun ce har ƙohwar gida za su zo."

Washegari Faruk ya iso Isa da akwatin sifanu, ransa a ɓace, don a waya aka gaya masa abin da ake so.

"Tun da nike aikin ga mutane ke kawo min tari in cire. Kai ɗai ne za ka ce in mayar. Wane irin bawa ne Allah yab ba ni?"

"Kai kac cire shi, kai za ka mayar."

Suka nemi tsohuwar salansa, ba ta inda aka ajiye ta. Can Is'haƙa ya ɗaga kai ya hango ta a saman ɗakin Hadiyya, an cusa ta a bakin rufi ta zama indararo. Hadiyya ta ce tun da ta zo gidan nan ba ta ga abin motar da ya amfane ta ba sai wannan, kuma ba mai taɓa shi ana tsakiyar damina. Sai da aka kwance sabuwar mai ƙyalli aka hau aka sa mata a madadin, sannan ta yarda. Har gobe ɗakinta ne kaɗai a unguwar ke zubar da ruwan sama ta salansar Marsandi.

Aka ɗaura wa motar tsohuwar a nan ƙofar gida, aka tashi mota. Ƙara ta fito kam, amma gurnani ne, ba tari ba.

"Wanga sai su gudu har Nijar," in ji Is'haƙa.

Faruk ya tsuguna yana susar ƙeya. Ya tuna tsohon injin da silindarsa da ta mutu. Ya miƙa hannu ya zare wayar nozul ɗaya. Injin ya fara ɗingishi.

"Hadiyya!" Is'haƙa ya kira. "Zo ki saurara. Ita ce?"

Ta leƙo daga zaure. "Wanga mura ce, ba tari ba."

Ya mayar, ya zare wata. Ta ce wannan shaƙuwa ce. Ya zare biyu tare, ta ce kamar dai, amma motar wani ce. Suka yi ta yi, a zare a mayar, har ta gaji ta ce tana da daka, ta koma ciki. Faruk na zagin Is'haƙa, Is'haƙa na zagin akuyar da ta ci kara. Can Faruk ya zare ta biyu da ta biyar, ya ɗan taɓa totur ya saki.

Tuf-tuf-tuf. Shiru. Kwaf!

Sautin taɓarya ya tsaya a cikin gida. Jim kaɗan sai ga Hadiyya ta fito da kwanon sha cike da ruwa, tana cewa, "Sannu da zuwa, an dawo la..." Ta tsaya. Ta dubi mijinta da tun safe yake tsaye a ƙofar gida, ta dubi kwanon da ke hannunta.

"Kar ka taɓa komi!" Is'haƙa ya daka wa Faruk tsawa. "Ita ce!"

Faruk ya shiga zaure ya kwance makunnin wutar bango, fari, irin na ɗaki, ya haɗa wayoyin nozul ɗin nan biyu a jikinsa, ya ɗaure shi da kusa a gefen sitiyari. A danna ƙasa, silinda biyu su yi barci. A danna sama, su farka. Ya roƙi Is'haƙa don girman zumunci kar ya gaya wa kowa a Sabon Birni wanda ya yi wannan aikin.

Ranar kasuwa, tun daga bayan fadama Is'haƙa ya danna ƙasa. Motar ta fara tari tana jijjiga, ya bi da ita a hankali har gindin tsamiya ya tsaya. Babu kowa. Gero na kaɗawa. Can gefe ga 'yan kabu-kabu biyu zaune kan baburansu, suna kallonsa suna murmushi. Ya taɓa totur ya saki. Kwaf! Ya share zufa da hannun sabuwar rigarsa.

Sai ga ƙwarya ta ɓullo a saman gero, tana tafe ita kaɗai kamar ba mai ɗauke da ita. Sai wata a bayanta, sai wata. Goggo Fadima ce a gaba. Ta zo ta tsaya a gaban motar, ta ƙare wa bakin kallo.

"Ta yi muni," ta ce. "Amma ita ce." Ta buɗe ƙofa ta zauna a kujerarta.

Kafin su bar Turba bayan motar ya cika har da akuya. Da suka doso mashigin yashi, mata suka fara ɗaure zane, Goggo ta sunkuya ta tuɓe takalmi ta riƙe a hannu. Is'haƙa ya gyara zama. Ya miƙa yatsa ya danna sama. Tarin ya ɗauke, motar ta yi wata irin miƙa, ta shiga rairayin ta fita ta ɗaya gefen, mata na salati, akuya na kuka.

Goggo ta waiwaya ta dubi yashin, ta dubi takalmin da ke hannunta, ta dubi farin makunnin.

"Ɗan Abu, wato duk ƙarhin ga na nan, kake sa ta tari da gangan?"

"Don ku, Goggo."

"To mayar da shi kahin mu shiga gari. Kar mutane su ce motar wani nis shiga."

Ya danna ƙasa. Suka shiga Isa suna tuf-tuf-tuf, 'yan tasha na ihu suna ga Mai Tari, ga wanda ya sayar da sa ya sayi shida yana tafiya da huɗu. Is'haƙa ya ɗaga musu hannu ta taga kamar mai neman ƙuri'a. A can lungu kuwa Hadiyya ta riga ta ajiye taɓarya.